Akuyar Aro

A Wudil ba a tafiya haka kawai. In ka fito daga gida, kafin ka kai bakin titi an tambaye ka ina zuwa, kuma dole ka ba da amsa: kasuwa ce, ta'aziyya ce, ɗaurin aure ne, ko kuwa aiken ka aka yi. Banza ba ta kai zomo kasuwa, in ji mutanen garin, balle ta kai magidanci daji. Wannan dokar Yahuza ya taka, kuma saura ƙiris ta jawo masa mari a ƙafa.

Yahuza direba ne, ko dai a ce a da direba ne. Bas yake ja daga Kano zuwa gabas, yana tsallake gadar Wudil safe da yamma, har ya san kowane rami a hanyar. Wata rana da tsakar rana tayar gaba ta fashe masa, motar ta wuntsila, aka zaro mutane wasu da rai wasu babu. Shi ko ƙwarzane bai yi ba. 'Yan'uwa suka yi ta zuwa barka da arziki, yana amsawa da alhamdu lillahi, kowa ya tafi yana cewa Yahuza ya auna arziki.

Jikin ne ya tsira, kan bai tsira ba. Gidansa kuwa bayan tasha yake, inda hon da ƙarar birki da ihun 'yan kamasho ba sa yankewa. Da an taka birki a titi sai ka ga ya zabura, gumi ya karyo masa, ya rasa inda zai sa kansa. Barci ya ƙaurace masa. Tuwon da matarsa Saudatu ta ajiye masa yadda ta kawo haka take ɗaukewa. Mutumin da a da in ya fara ba da labarin hanya sai an roƙe shi ya yi shiru, yanzu magana sai an ciro ta da ƙyar.

Wata safiya cikin rani ya sa takalmi ya fita. Bai yi niyyar zuwa ko'ina ba, gudun ƙarar kawai yake. Ya bi ta bayan gari, ya ratsa gonakin wajen Dagumawa da aka riga aka girbe, babu komai sai tushiyar kara. Ya yi ta tafiya har gonaki suka ƙare, ya faɗa wani fili da ba wanda ya damu da shi, saboda ƙasar tsakuwa ce, ba ta nomuwa. Sabara ce da geza jefi-jefi, sai kalgo da ya zubar da rabin ganyensa, sai magarya, sai suri nan da can. Wurin da mai hankali zai duba ya ce babu komai. A tsakiya akwai wata aduwa mai 'yar inuwa kamar ta rowa. Nan ya zauna.

Da farko zuciyarsa ce kawai yake ji tana bugawa. Can sai ya ji kurciya. Can kuma ya ji iska tana taɓa busasshen ganyen kalgo. Wani kurege ya fito ya tsaya da ƙafa biyu, ya ƙare masa kallo, ya ga ba abin tsoro ba ne, ya ci gaba da sha'aninsa. Ba wanda ya tambaye shi ya jiki, ba wanda ya ce ya yi haƙuri. Idonsa ya tafi har inda ƙasa ta haɗu da sama bai ci karo da komai ba, sai ya ji kafaɗunsa sun sauko. Ranar da ya koma gida ya ci rabin tuwonsa.

Ya koma washegari, ya kuma komawa. Sai dai daji ma da idonsa. Mata masu itace suka gan shi zaune gindin aduwa, ba gatari, ba lauje, ba ko carbi a hannu, yana kallon inda ba kowa. Kafin ya dawo gari labari ya riga shi, kuma ya yi ƙiba a hanya. Wasu suka ce yana magana shi kaɗai, wasu suka ce an ji ana amsa masa.

Maganar ta kai kunnen yayansa Alhaji Babba, ma'aikacin gwamnati mai jiran ritaya, wanda tun rasuwar mahaifinsu shi ne uba a gidan. Gidansa yana bakin lungu, kullum da majalisa a ƙofarsa, duk mai fita bayan gari sai ya bi ta gabansa. Babba mutum ne mai son ƙaninsa, amma irin son nan mai yanke hukunci kafin a gama bayani. Ya zo har tsakar gida ya same su.

"Yahuza, me kake nema a dajin nan?"

"Ba komai, Yaya."

"Ba komai? Wa ya aike ka?"

"Ba wanda ya aike ni."

Babba ya dubi Saudatu, Saudatu ta sunkuyar da kai. Amsar da ake tsoro ke nan. Mutumin da ya ga abin da ya gani a hanya, sannan ya koma zaman daji ba dalili, ai ba sai an kira malami ya faɗa ba, iska ce ta buge shi.

A yi wa Babba adalci, bai fara da zafi ba. Ya ce in dai ganye da iska ƙaninsa yake so, ai ga lambunsa a bakin kogi, me za a yi da ƙaya da tsakuwa? Ya ɗauke shi a bayan babur ya kai shi. Lambun kuwa abin kallo ne, albasa da latas da tumatir kore shar, ruwa yana bin kwalbati-kwalbati, ƙamshin danshi ko'ina. Yahuza ya sauka, ya ja numfashi, har fuskarsa ta fara saki. Sai mai ban ruwa ya ja igiyar inji. Na maƙwabci ya amsa, na gaba da shi ma ya amsa, bakin kogin gaba ɗaya ya ɗauki ƙara da warin mai. An gudu ba a tsira ba. Yahuza ya toshe kunne ya durƙushe tsakanin kunyoyin albasa, jikinsa yana rawa. Babba ya ga abin da idonsa, ya ƙara tabbata: mutumin da ya ƙi ni'ima ya zaɓi kufai, ba shi kaɗai ba ne.

Da suka dawo ya yanke magana a gaban Saudatu. "Daga yau ba shi ba bayan gari. In na sake jin an gan shi zaune a dajin nan ba dalili, wallahi da kaina zan kai shi wajen mai maganin nan na ƙauye, a ɗaure shi har abin ya sake shi. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, amma ana ɗaure shi."

Kowa ya san gidan mai maganin, kowa kuma ya san marin da ake sa wa mutane a can. Saudatu ta kwana da maganar a ranta. Tana tsoron dajin, tana tsoron marin, ta rasa wanda ya fi. Aka shiga turare da tofi da rubutu. Yahuza bai yi gardama ba, duk abin da aka miƙo sai ya sha. Amma yana zaune a ɗaki yana ramewa, titi yana ta aikinsa a kunnensa, kwanon tuwo ya koma fita yadda ya shiga.

Ana cikin haka, wata Juma'a da yamma, sai ga Gwaggo Hansai, ƙanwar mahaifinsu da ke aure a Achika, tana jan wata jar akuya mai kunne ɗaya a tsage. Ta kawo ta kasuwar dabbobi ta Kara ne, dillalai suka yi mata tayin da ta ce zagi ne, ta yi fushi ta jawo abarta. Ga rana ta yi, ga mai mota ya ce ba zai ɗauki akuya ba.

"Saude, ku riƙe min ita tukuna," ta ce, bayan an gama gaisuwa da ya gida da ya mai jiki. "In na samu sarari na zo na ɗauka. Ba ta da rigima."

Ƙarya Gwaggo ta yi, ko kuwa ba ta san halin dabbarta ba. Akuyar ƙauye ce da ta saba yawo, ba ta san turke ba. Aka ba ta dusa ta shinshina ta kau da kai. Aka ba ta harawa ta tattake. Ta cinye gefen tabarma, ta ja zanin da aka shanya, sannan ta buɗe baki ta kama kuka, irin kukan da ke hana maƙwabta sallah cikin natsuwa. Da gari ya waye Saudatu ta kai maƙura. Ta kwance igiyar, ta shiga ɗaki a fusace ta danƙa wa mijinta.

"Baban Sakina, don girman Allah fitar min da wannan masifar. Kai ta inda za ta ci abin da take so, kafin in yanka ta in biya Gwaggo."

Sai da ya fita ta tuna da maganar Babba. Ta leƙa ta zaure. Ga Yahuza can ya doshi majalisa, akuya tana gaba tana jan sa. Ta ga mutanen sun ɗago.

"A'a, Malam Yahuza! Sannu da kiwo."

"Yauwa, sannunku."

"Ai gara haka, zaman ɗaki ba ya yi wa namiji. A yi hankali da ita, irin waɗannan da ɓarna."

Babba ma ya gyaɗa kai. Mutanen nan da suka ce ana amsa masa magana a daji, su ne suka bi shi da Allah ya ba da sa'a. Hanyar ita ce dai, mutumin shi ne dai, dajin ma bai canja ba. Igiya ce kawai ta ƙaru.

Haka aka shiga yi kullum. Akuya ta san hanya har ta fi shi sauri. Da sun isa sai ya sake ta, ta ɗaga ƙafafun gaba ta kama magarya, ta bi sabara tana tsinka, shi kuma ya jingina da aduwarsa. Mata masu itace suka koma gaishe shi, har su nuna masa inda 'ya'yan gawo suka zuba. Ya fara dawowa da yunwa. Wata rana bayan azahar Saudatu ta shiga ɗaki ta tarar yana barci har da minshari, ta tsaya a bakin ƙofa hawaye suka zubo mata. Ta yi farin cikin da ta daɗe ba ta yi ba, amma tsoron bai bar ta ba, don har yanzu ba ta san abin da yake yi a can ba.

Gani ya kori ji. Ta dama fura ta zuba a jug, ta yafa mayafi ta bi sawunsu, ita ma ga dalilinta a hannu. Ta same shi zaune ya miƙe ƙafa, akuya tana can tana fama da geza. Ta duba gabas ta duba yamma tana addu'a a zuci, ba ta ga kowa ba.

"Yanzu nan ne? Nan ɗin da ake ta magana?"

"Nan ne. Zauna, ki bi a hankali da ƙaya."

Ta zauna a ɗarare. Zafi ne ko'ina, bazara ta kankama, ƙasa fari fat. Can ta lura ba ta jin ƙarar komai sai kurciya da taunar akuya. Ta lura rabon da ta zauna ba tana jiran wani ya kira ta ba har ta manta. Wuyanta da ya daɗe a sanƙare ya saki.

"Saude," ya ce, ba tare da ya dube ta ba, "akwai wata mata a kujerar bayana ranar nan. Ta ce in rage gudu, ɗanta yana amai. Na rage kuwa. Na rage, amma ba abin da ya hana." Ya shafa fuska da tafin hannu. "A gida in na tuna ta, sai ƙarar titi ta haɗu da ita, in ji kamar yanzu abin yake faruwa. A nan in na tuna ta, sai in yi mata addu'a, in ga ta wuce. Shi ke nan abin da nake yi. Ba kowa a nan sai ni da Allah da akuyar Gwaggo."

Saudatu ta share ido da gefen mayafi, ta zuba masa fura. Ya shanye, ya miƙo kofin a ƙara.

Ruwan farko ya sauka, na biyu ya biyo. Filin da ake cewa ba komai ya nuna abin da ya ɓoye. Ciyawa ta tsiro tsakanin tsakuwa, kalgo ya yi sabon ganye, sabara ta wanke ta yi fes, makwarwa ta fara kira da safe. Yahuza yakan dawo ya ba Saudatu labarin abin da ya fito yau, kamar yadda a da yake ba ta labarin hanya. Akuya ta yi sheƙi, cikinta ya fito, ashe da juna biyu aka kawo ta.

Sai Gwaggo Hansai ta samu sarari. Ta zo da mai a-daidaita-sahu har ƙofar gida, da ta ga akuyarta sai ta riƙe baki.

"Kai, Yahuza, Allah ya yi maka albarka! Ashe dillalan nan alheri suka yi min. Yanzu ciyawa ta samu a gida, gara ta haihu a gabana."

"Gwaggo, da kin bar mana ita," Saudatu ta ce, muryarta ƙasa-ƙasa. "Ko sayar mana ki yi."

"Ke Saude, wa ya taɓa sayar da akuya tana gab da haihuwa? Ai sai a yi da ni a Achika. Ba ke ce aka ce kin rantse za ki yanka ta ba?"

Ba yadda za a yi a ce wa babbar mace ta bar dabbarta don ita ce lasisin ɗan ɗan'uwanta na zuwa daji. Aka ɗora akuya tana kuka. Saudatu ta yi wuf ta kwance igiyar, ta ɗaura mata wani tsumma a madadinta, ta ce igiyar ta tsufa. Mai a-daidaita ya ja, gidan ya yi tsit, sai titi.

Washegari da safe Yahuza ya sa takalmi ya zauna a bakin ƙofar ɗaki, bai tashi ba. Wata babbar mota ta danna hon a tasha, Saudatu ta ga yadda yatsunsa suka damƙe gwiwa. Ta ɗauko igiyar ta ajiye masa a cinya.

"Riƙe wannan ka tafi. Duk wanda ya ga mutum da igiya ba dabba, ya san ɓata ta yi, nema yake. Ba sai ka ce komai ba. Ran Juma'a sai mu san yadda za a yi a samo wata."

Ya juya igiyar a hannu. "Saude, har yaushe zan riƙa ɓuya a bayan akuya?"

"Har ranar da za ka warke. Ka ji abin da Yaya ya ce. Ni ba zan iya ganin ka da mari ba."

Ya tashi ya fita da igiyar a naɗe. Ita kuma ta laɓe a zaure tana leƙe.

Majalisa ta cika, don Asabar ce, ba aiki. Babba yana kan kujerarsa da rediyo a gefe. Aka gaisa, an tashi lafiya, ya iyali, ya ruwa, ruwa ya yi gyara. Sai idon Babba ya sauka kan igiyar.

"Ina abokiyar tafiyar? Ta tsinke ne?"

Ga ƙofa a buɗe, Babba da kansa ya buɗe ta. Yahuza ya dubi igiyar, ya durƙusa kusa da kujerar yadda ba kowa zai ji ba.

"Ba ta tsinke ba, Yaya. Gwaggo ta ɗauke abarta jiya. Dajin zan je in zauna, kamar yadda nake yi tun da ma. Akuyar ci take, ni zama nake. A can ne kawai kaina yake yin shiru. In ka ce a kai ni wajen mai magani, ba zan yi maka gardama ba, kai ne uba. Amma ba zan yi maka ƙarya ba."

Babba ya kashe rediyon. Ya dubi ƙaninsa tun daga sama har ƙasa, ya ga wuyan da ya ciko, ya ga idon da ya daina zare-zare, ya ga hannun da ke riƙe da igiya ba ya rawa. Labarin zuciya a tambayi fuska. Shi da ya yi ta faɗa wa mutane cewa rubutun da ya sa aka yi ne ya yi aiki, ya tuna ranar lambu, ya tuna rantsuwar da ya yi a tsakar gida. Kunya ta kama shi, tausayi ya fi ta yawa.

Wani dattijo a ƙarshen tabarma, wanda kunnensa bai kai ba amma idonsa ya kai, ya ɗaga murya. "Wai ina Yahuza zai je ne ba akuya? Ba dajin nan ba dai ko?"

Kowa a majalisa ya zuba wa Babba ido. Babba ya miƙa hannu ya karɓi igiyar daga hannun ƙaninsa, ya ajiye ta ƙarƙashin kujera.

"Dajin zai je," ya ce. "Ni na aike shi."

"To, to, madalla. A dawo lafiya."

Ba wanda ya tambayi aiken mene ne, don ba a tambayar babba abin da ya aiki ƙaninsa. Yahuza ya miƙe. Babba ya kama bakin rigarsa, ya yi ƙasa da murya.

"Gobe ma na aike ka. Jibi ma haka. Kada ka tsaya sai na sake faɗa."

Saudatu tana zaure ta ga mijinta ya sha kwanar lungu, hannuwansa biyu a sake, ba komai a ciki. Ta koma ciki ta ɗora tukunya, ta ƙara gari a kan na jiya, don ta san da yunwa zai dawo.